Tafinta a Rugar Ardo Manu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, da ranar da na yi wa wata farfesa tafintan Fillanci a wata ruga tsakanin Gummi da Bukkuyum. Abin da ya sa ranar ta zauna mini daram a rai shi ne, ban iya Fillanci ba.

Lokacin ban daɗe da gama digirina na uku ba, a fannin nazarin zamantakewar al'umma. Na dawo gida Gummi da kundi mai kauri kamar bulo, da sunan Dokta, na koma koyarwa a makarantar da na baro, a ajin da na baro, da allon da na baro. Wayar salula ma ba ta daɗe da shigo mana ba. Ina cikin wannan zama sai wani abokina ya aiko mini da takardar sanarwa daga Sakkwato. Wata jami'a a kudancin ƙasar nan tana neman waɗanda suka gama digiri na uku, za ta ba su gurbin bincike na shekara biyu. Akwai ofis, akwai gida, akwai ɗakin karatu, babu shiga aji, babu duba takardun jarrabawa. Aikinka kawai ka yi bincike ka rubuta. Na karanta takardar nan har ta yi laushi a aljihuna.

Da na yi wa Inna bayani, tana zaune tana tsince wake, sai ta ce, "Ba kac ce ka ƙare karatu ba?" Na ce ai wannan karatun bayan ƙarewa ne.

"To in ka ƙare wanga, mi za a kira ka?"

"Dokta."

"Yanzu hwa mi aka kiranka?"

"Dokta."

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Batun da na zaɓa mai kyau ne, wannan kam ba zan ƙi yabon kaina ba: yadda manoma da makiyaya suke zaune tare a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, yadda ake raba mashaya, yadda ake barin burtali don shanu su wuce, yadda shanu ke shiga gona bayan girbi su ci kara su bar taki. A cikin abin na tashi. Matsalar ta zo ne a shafin ƙarshe na fom ɗin, inda aka ce a rubuta harsunan da mutum ya iya. Layi uku aka bari. Na rubuta Hausa, na rubuta Turanci, layi na uku ya zauna fayau yana kallona. Na ce a raina, mai binciken makiyaya da bai iya Fillanci ba ai abin kunya ne. Na rubuta Fillanci. A gaba kuma an ce a nuna gwargwadon iyawa: kaɗan, daidai gwargwado, ko sosai. Hannuna da kansa ya tafi kan sosai.

(Don a yi mini adalci, ga duk Fillancin da na mallaka a duniya: jam, wato lafiya, nagge, wato saniya, kosam, wato nono, sai wani zagi da yaran ruga suka koya mini a bakin gulbi muna ƙanana, wanda har yau ban san wa ake zagi da shi ba.)

Bayan wata huɗu takarda ta iso. Ina cikin mutum ukun ƙarshe. Na yi sujada a tsakar gida kafin na karanta sauran. Sauran kuwa cewa yake, wata farfesa daga cikin kwamitin za ta zo taro Sakkwato, za ta ratso ta ga wurin binciken nawa, kuma tana son ta zauna ta ga yadda nake hira da makiyaya da harshensu. Kwana goma ya rage.

Mai hankali a nan zai rubuta wasiƙa ya ce an yi kuskure. Ni kuwa, ana gobe za ta zo, na hau babur na tafi rugar Ardo Manu.

Ardo Manu aminin mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Shi ke riƙe mana 'yan shanunmu tun kafin a haife ni, Baffa nake ce masa. Dogon dattijo ne siriri, ga shiru, ba ka gane ko wasa yake ko da gaske. Hausarsa ta fi tawa, haka ta kowa a rugar, har da yaran da ba su fara kiwo ba. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa halin da na jefa kaina. Roƙona guda ne: ranar da baƙuwar za ta zo, kowa ya yi kamar ba ya jin Hausa. Zan yi tambaya uku, zai amsa da Fillanci, ni kuma in juya mata da Turanci. Amsoshin kuwa yanzu zai faɗa mini da Hausa in haddace.

Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Wato mu zan kurame, kai ka zan mai ji." Na ce haka ne, Baffa. Ya ce ba komai, ai ɗa na kowa ne a ruga, balle ɗan amini. Har ya koya mini yadda zan furta tambayoyin uku, na rubuta su a tafin hannuna da biro. Saurin yardar da ya yi ya kamata ya ba ni tsoro. Ni kuwa na dawo gida ina fito a kan babur.

Ranar ta zo, da hantsi, a ƙarshen damina. Na sa kwat da taye (zuwa ruga, a cikin zafin nan). Farfesa gajeriyar mace ce mai gilashi, sunanta na Kirista, Turancinta kamar na gidan rediyo, ba ta cika magana ba. Tun a mota na yanke a raina cewa ko kalmar nono ba ta sani ba da Hausa. Na shiga ba ta labarin yadda na tashi a cikin Fulani, har na ce wani lokaci da Fillanci nake mafarki. Ta ce abin sha'awa ne.

An shimfiɗa mana tabarma a gindin wata bishiyar ƙirya. Ardo ya fito da rawani, maza suka zauna a gefe, mata suka tsaya daga baya da ƙoren nono, aka ajiye mini ƙwarya guda a gabana. Na ce jam, aka ce jam. Na ƙara cewa jam, aka ƙara cewa jam. Na ji ƙarfin gwiwa. Na buɗe tafin hannuna don in karanta tambaya ta farko, sai na tarar gumi ya wanke ta, ba abin da ya rage sai shuɗin tabo kamar na taɓa baban rini. Kafin in san abin yi, Farfesa ta fito da littafinta ta ce ba sai na wahala ba, ta zo da nata tambayoyin. In tambayi dattijon, me ya fi canzawa tsakaninsu da manoma tun yana saurayi.

Na juya wajen Ardo. Na buɗe baki na saki wasu sautuka, ina ja ina lanƙwasawa, na saka nagge a tsakiya, na rufe da jam. Wata tsohuwa a baya ta tura bakin mayafinta a baki.

Ardo ya gyaɗa kai kamar an yi masa tambayar da ya daɗe yana jira. Ya gyara zama, ya soma magana a hankali, fuskarsa ba alamar wasa. Ya nuna ni, ya nuna wajen gulbi, ya kama ƙugunsa da hannu biyu. Na ji nagge sau uku. Na juya na ce wa Farfesa, dattijon yana cewa saniya ita ce ginshiƙin rayuwar Bafillace, kuma tun da aka fara noman rani a bakin gulbi, makiyayi ya ɗaure ɗamarar haƙuri. Ta rubuta.

Ya ci gaba. Ya ɗaga sanda ya nuna sama. Na ce yana kuka da ƙarancin ruwan sama a 'yan shekarun nan. Ya nuna ƙasa. Na ce ƙasa ta gaji, ciyawa ta ja baya. Ya ɗaga yatsu biyu ya kaɗa su a gefen kunnuwansa. Nan kuma na ce yana nufin hukumomi biyu, ta gargajiya da ta zamani, kuma duk ba sa sauraro. Maza suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Wata budurwa ta ajiye ƙwaryarta ta ruga bayan bukka. Na gaya wa Farfesa cewa maganar ta taɓa zukatansu ne, Fulani ba sa son a ga hawayensu. Ta ce ta lura. Ta ci gaba da rubutu, shafi bayan shafi.

Gaskiya a lokacin na fara jin daɗin kaina. Har na soma tunanin wace rigar zan sa ranar da zan shiga sabon ofis. Ardo ya yi wata gajeriyar magana, kalma huɗu ko biyar, ni kuwa na juya ta ta kai minti uku, har da ambaton ra'ayoyin masana.

Sai Farfesa ta rufe littafinta, ta cire gilashi, ta dubi Ardo, ta yi masa magana da Fillanci. Ba jam ba. Doguwar magana, mai santsi, har da wata 'yar dariya a ƙarshe.

Ardo da kansa ya daskare, bakinsa a buɗe, don shi ma bai sani ba. Shi mutanensa kawai yake yi wa nishaɗi. Sai ya rufe fuska da rawani, dariya ta ƙwace masa, rugar gaba ɗaya ta ɗauka. Tsohuwar nan ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Ashe Farfesa 'yar Adamawa ce, da Fillanci ake cinikin kasuwar garinsu tun tana goye. Hausa ma ta iya, don da ita ta juyo ta ce mini, "Dokta, sha nono, ka yi aiki."

Na sha. Ban san me zan yi da hannuwana ba in ban riƙe ƙwaryar ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Suka bar ni a gefe suka yi hira ta fi awa biyu, rabi Fillanci rabi Hausa, a kan mashaya da burtali da taki, batun nawa sak. Kuma duk abin da Ardo ya faɗa ya fi abin da na ƙirƙira masa ma'ana. Ya ce rigimar ba daga gona take farawa ba, daga ranar da manomi ya daina sanin sunan mai shanun da ke wucewa ta gefen gonarsa take farawa. Shekara biyar na yi ina rubuta kundi, ban rubuta jimla irin wannan ba.

A hanyar komawa ta buɗe littafin ta nuna mini. Ta ja layi a tsakiyar kowane shafi, hagu abin da Ardo ya faɗa, dama abin da na ce ya faɗa. Ta karanta mini na hagun da muryarta ta gidan rediyo. "Wannan yaron ya zo jiya ya roƙe mu mu zama kurame. Yana ɗan shekara bakwai maraƙi ya kore shi har cikin gulbi, ya fito ba wando. Yanzu zan nuna sama, mu ji abin da zai ce. Yanzu zan nuna ƙasa. Yanzu zan yi kunnen jaki." Gajeriyar maganar nan kuma da na yi minti uku ina juyawa, cewa ya yi, "Tayensa ya shiga cikin nono."

Na duba. Ya shiga.

Muka shiga Gummi. Da za ta sauke ni, ta ce batuna yana da kyau, kuma da na bar layin nan fayau da ba wanda zai tambaye ni, don kusan duk masu binciken da suka ɗauka da tafinta suke aiki. Wannan maganar ita ta fi kwana a raina.

Ban sami gurbin ba, ba sai na faɗa ba. Amma bayan wata shida jami'ar ta aiko da goron gayyata zuwa wani taron masana, ba ni aka gayyata ba, Ardo Manu aka gayyata. Aka ce ya zo da wanda zai juya masa Hausa zuwa Turanci, shi kuma ya ce ɗan amininsa yake so. Haka na shiga jami'ar nan da na yi ta mafarki, ina riƙe da jakar Baffa da butarsa. Ya tsaya gaban farfesoshi cike da ɗaki, ya yi sallama, ya ce kafin ya shiga zancen shanu zai ba su labarin yadda aka yi suka san shi. Ya dube ni ya ce, "Juya musu, ɗana. Wanga karon ban da ƙari." Na juya musu, kalma bayan kalma, har da maraƙin, har da wandon. An tafa mini sosai.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka rasa abu, ka ce ka rasa, mutane sun fi saurin yafe wa jahili a kan gwanin ƙarya. In kuwa har shaiɗan ya rinjaye ka sai ka shirya wasan kwaikwayo, to kada ka ba dattijon da ya san ka tun kana yawo ba wando babban matsayi a ciki.