Bakin Bargo da Bakin Zinariya

Zinariya ta haura hamsin kafin ta ga a waya yadda ake harhaɗa ƙyallaye a cusa auduga a yi bargo, ta ce ita ma sai ta yi. Wata uku tana kwashe sharar ƙyalle a shagon taubashinta, Tanimu tela, tana huda yatsunta da allura. Yanzu 'yarta ta haihu a Tungan Magajiya, gobe suna, ga bakin bargon yana ta zazzago auduga. Ba abin da zai kama shi sai keken ɗinki. Hankalinta a tashe yake, amma ko kusa ba za ta bari Tanimu ya gane ba. Ta naɗe bargon ta nufi shagonsa, ta yi sallama.

"...Lafiya lau, baiwata," in ji Tanimu. "Shara kika zo yi?"

"Bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa. Ajiye wandon nan ka kama mini baki."

Tanimu ya warware bargon, ya ɗaga shi da yatsa biyu.

"Inna lillahi! Wane jakin ne ya rasu ya bar miki akumari?"

"Wanda ya koya maka ɗinki."

"Dubi layi, kamar hanyar Rijau da damina! Waye malaminki?"

"Waya. Gemu ba ya hana ilimi."

"Au, gemun ma ya fito miki? Ki rufa wa jaririyar nan asiri. Ta buɗe ido ta ga wannan, komawa za ta yi."

"Ta ga fuskar kakanta Tanimu a hoto ma ba ta koma ba. Ka taka keken nan, motar azahar zan bi."

"Ni? Shekara talatin ina yanka shadda, in ƙare a tsumma? Kekena ma yajin aiki zai yi."

Zinariya ta karɓi bargon ta shimfiɗa a kan tebur, ta ɗora yatsa a kan wani koren ƙyalle mai zanen tattabaru.

"Wannan ba atamfar Hajiya Kubura ba ce? Wadda ka rantse yadi shida bai ishe ta ɗankwali ba?"

"Atamfa ai tana kama da atamfa."

"Wannan kuma leshin Ruka, da hannun rigarta ya tsaya a gwiwar hannu. Ka ce mata yayi ne."

"Yayi ne mana!"

"Ga yadin matar Samuel na Kirsimeti. Faɗinsa ya kai sallaya. Bari in shanya a ƙofar shago ya sha iska, kowa ta zo ta gai da nata."

Tanimu ya leƙa titi, ya dawo ya tsaya tsakanin bargon da ƙofa.

"Ke, rage murya! Ana jin ki har tasha."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

"Ni da na yi miki sadakar shara?"

"Ni kuma na adana maka shaida. Akumari ka ce, ko?"

"Wa ya ce akumari? Wannan ai ko a Kaduna sai an sa shi a gilashi. Layin nan da ya karkace, salo ne."

"Hanyar Rijau fa?"

"An zuba mata kwalta."

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ture wandon gefe, ya zaro wani shuɗin yadi daga ƙarƙashin tebur ya shiga yanka. Keke ya ɗauki ƙara, audugar ta koma ciki ta kwanta. Zinariya ta ji wani sanyi a ranta, ta zauna a benci tana kallon aikin wata uku yana zama bargo sosai.

"Dara ta ci gida," in ji Tanimu, yana cizge zare da haƙori. "Na ɗinke bakin bargo, ke kuma ki ɗinke naki. Shuɗin nan kyauta ne, gudummawata ga jikata."

Ta shafa yadin, ta ɗago ta dube shi.

"Allah ya saka da alheri. Na waye?"

"Hau mota, Zinariya!"