Ranar da na kwanta a kan cittar Mama Ladi

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba ko da na so, don har yau turo min bidiyon ake yi.

Haushi ne ya ja min. A Kaduna nake aiki, kuma duk wanda na ce wa ni 'yar Kafanchan ce sai ya yi min fuskar jaje, kamar daga asibiti aka sallamo ni. Na ce to bari ku gani. Na buɗe shafi na fara bidiyon barkwanci don a zo a ga garinmu: ruwan Matsirga, tsohuwar tashar jirgi, dutsen Kagoro. Wata shida ina fama, masu kallo ba su cika bas ɗaya ba (rabinsu ma dangi ne).

Da na je hutun Kirsimeti, muka fita bayan gari da Rifkatu, 'yar ƙanwar babana. Sai ga wani faffaɗan dutse an baza citta a kai tana shan rana. Nan take dabara ta zo min. Na miƙa mata waya na ce ta kunna bidiyo kai tsaye a shafina, kar ta kashe ko me ya faru.

Ta ce, "Ba za mu gaida masu shi ba?"

Na ce dutse ne, wa ya mallaki dutse? (Ku ji fa.)

Na hau da takalmina, na kwanta, na fara birgima ina cewa, "Masu ciwon baya ku zo Kafanchan, tausa kyauta." Citta kuwa sai gangarewa take cikin yashi.

Wata tsohuwa ta ɓullo da kwando a kai. Mama Ladi ke nan, mai cittar. Ko ɗaga murya ba ta yi ba.

"Kai, sauka."

Na sauka. Ta nuna min tafin hannunta, duk yankan wuƙa.

"Sati biyu ina tsaga shi. In yashi ya shiga, mai saye ba zai duba ba ma."

Na ce, "Mama, tallar gari nake yi, don baƙi su zo."

"Su ma su zo su kwanta?"

Rifkatu ta fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Wanene baban ka?"

Na faɗa mata.

"Bitrus na gidan katekis, malamin coci? Da citta aka kai shi makaranta. A dutsen nan kakan ka take shanya nata."

Ta ajiye min kwandon. Haka na durƙusa da farin wandona ina tsince citta ɗaya bayan ɗaya, ina hure yashi, ita tana dubawa tana dawo min da wanda bai yi mata ba. Sai da rana ta karkata ta ce ya yi. Cittar dai ta tsira. Ni ce ban tsira ba, don Rifkatu ba ta kashe ba. Wai ni na ce.

Kafin mu isa gida babana ya kira. "An ce kin je kin gaida kakarki," ya ce, ya ajiye waya.

Abin da ke ci min rai shi ne, wata shida ina hawa duwatsu ina ƙona data ba wanda ya kula. Yanzu baƙi suna zuwa, har daga Abuja, amma tambayarsu ɗaya: ina Mama mai citta? Wani marar kunya har cewa ya yi in nuna masa daidai inda na kwanta.

Na dai koyi karatu. A garinmu ko dutse da mai shi, a gaishe shi kafin a hau. Sannan in za ki ba mutum waya, kar ki ba mai jin magana irin Rifkatu.