Yadda Za Ka Riƙe Motar Manya ta Hannu Har Surukinka Ya Sa Maka Albarka

Kai da ka haifa wa mutum jikoki amma har yau "wannan yaron" yake kiran ka, matso kusa. Maganinka motar manya ce, doguwa, baƙa wuluk, mai kujerun fata, wadda wani mai kuɗi ya gama cin moriyarta. Bi matakan nan, na yi maka alkawari tsohon zai sa maka albarka da bakinsa. An gwada su a kan maƙwabcina Mai Labule, mai sana'ar labule, kuma yana nan da ransa.

1. Rabu da motar da ba ta taɓa ba ka kunya ba

Mai Labule yana da 'yar akwala, fenti ya koɗe, ƙofa sai an sa kafaɗa, amma ana murɗa makulli take tashi. Rannan surukinsa ya shiga, gwiwa ta haɗu da haɓa, ya ce, "Lallai 'yata tana da haƙuri." Maganar nan ce ta sa ya sayar da ita ga Mai Ƙanƙara na bakin layi. Kai ma sayar da taka. Motar da ba ta lalacewa ba ta koya wa mutum komai.

2. Kada ka je saye da bakanike

Bakanike ƙarƙashi zai leƙa, kai kuwa ba a ƙarƙashi za ka zauna ba. Shiga ciki, shaƙi ƙamshin fata, danna maɓallin da ke kwantar da kujera. In dillali ya ce wata tsohuwa ce ke hawan ta, ita ma sai jefi-jefi, ka yarda. Kada ka tambayi abin da ya faɗo da farashinta haka. Tambaya halin talaka ce.

3. Rufe fitilun da ke gaban sitiyari

Za su soma kamawa ɗaya bayan ɗaya, masu rawaya, sannan jajaye. Mai Labule ya yi kuskuren kai ta gareji. Bakanike ya jona mata kwamfuta, ya daɗe yana kallo, ya ɗago.

"Maigida, kana da hawan jini?"

"A'a."

"To, duk da haka zauna tukuna."

Ashe ko ƙusarta sai an yi oda daga ƙetare. Mai Labule ya dawo gida ya jingina hoton 'ya'yansa a kan fitilun. Yanzu duk wanda ya leƙa cewa yake, bawan Allah nan akwai son iyali.

4. Ka riƙa wanke ta, ban da hawa

Motar manya ba ta shan fetur, kwankwaɗa take yi. In ka taka ta, da idonka za ka ga allura tana sauka. Saboda haka ajiye ta a ƙofar gida, ka wanke kowace safiya daidai lokacin da mutane ke wucewa, ka tafi shago da ƙafa. In an tambaya, likita ne ya ce ka riƙa tattaki.

Uwargida za ta yi magana. Ta Mai Labule cewa ta yi, "Baban yara, tun da baƙuwar nan ta zo nama ya daina sallama a gidan nan. Mu ma a riƙa goge mu da tsumma mana, ko ma yi ƙyalli." Kada ka tanka. Ci gaba da goge taya.

5. Ranar gwaji, kada gumi ya tona ka

Dole ranar ta zo. Aka yi wa surukin aikin yanar ido, ya aiko cewa "wannan yaron" ya zo asibiti ya ɗauke shi a motar da ake ta labari. Zuwa dai ta je lafiya lau. Mai Labule ya zaunar da tsohon a baya, ido ɗaya a bandeji, ɗayan dama sai a hankali. Ya kwantar masa da kujera, ya zagayo, ya danna maɓallin tayarwa. Ƙas. Ya sake. Ƙas.

"Me muke jira?"

"Baba, irin waɗannan sai kwamfutarsu ta gama nazari."

A nan sana'a ta yi rana. Ya ciro labule daga but, ya rataya tsakanin gaba da baya, wai likita ya hana haske. Ya koma gefe ya kira Mai Ƙanƙara a waya. Can sai ga tsohuwar akwalarsa ta karyo kwana, da igiya, da mai ita yana dariya har da dukan sitiyari.

"Ka rufa min asiri," in ji Mai Labule a hankali. "Kada ka yi hon, kada ka yi min magana ta taga."

Haka suka ratsa gari, akwala a gaba, motar manya a baya tana bi kamar saniyar da za a kai kasuwa. Sitiyari ya ƙage, birki ya zama dutse, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

6. Karɓi albarka, kada ka yi bayani

Uwargida tana bakin ƙofa. Ta ga igiya, ta cusa gefen mayafi a baki. Aka fito da tsohon, ya lalubi hannun surukinsa ya riƙe.

"Ɗana," ya ce, karon farko a duniya, "wannan ita ce mota. Ko ƙarar inji ban ji ba. Ga ka da natsuwa, babu gudu. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Baba."

"Ranar da za a cire bandejin nan ma kai za ka mai da ni. A gaba zan zauna, in ga tafiyar nan da idona."

Gargaɗi

Albarka na yi maka alkawari, kuma ka ga ta samu. Fetur, bakanike, bakin uwargida da abin da zai faru ranar da idon surukinka ya buɗe, babu ruwana, kada a neme ni. Igiyar ma ba tawa ba ce, kuma Mai Ƙanƙara ya ce akwalar ba ta sayarwa ba ce.