Ranar da Salansata Ta Faɗi a Gwiwa

Da wuya in manta da Asabar ɗin da na mai da kaina bakanike. Ni malamin lissafi ne a Kazaure, kuma a lokacin tsohuwar motata ta fara ƙarar gwangwani daga ƙasa. Bakanikena ya leƙa, ya ce robobin da salansa ke rataye a kansu sun tsage, ƙarfen da ke riƙe ta kuma ya yi tsatsa. Ya ce in dawo Litinin. Ni kuwa Lahadi zan kai Baffa Isa, yayan mahaifin matata, ɗaurin aure Gwiwa, kuma shi ne waliyyin amarya.

Sai na sayo sabon ƙarfe da robobi, na kalli yadda ake yi a waya sau biyu, na shimfiɗa tabarma na shige ƙarƙashin mota. (Maiɗakina ta tambaye ni sau uku ko na tabbata, na ce wanda ke koyar da lissafi noti huɗu ba za su gagare shi ba.)

Da safe na ɗauko Baffa a Roni. Tun daga nan nake ba shi labarin gwanintata, har da cewa zuwa gareji ɓata lokaci ne. Shi dai yana jan carbinsa.

Muna shiga layin masallacin, jama'a cike a kan tabarmi, na faɗa wani ɗan rami. Sai ji muka yi garam! Salansa ta zube ƙasa, motar ta kama ruri kamar injin niƙa. Liman ya katse magana, kowa ya waiwayo. Na fito ina gumi, na zaro hankici, sai ga baƙar roba ta faɗo daga aljihuna ta gangara gaban Baffa.

Ya ɗauka, ya tambaye ni wannan fa. Na ce ita ce ta rage da na gama aiki, na ɗauka gyara mai shago ya yi mini.

"Malam," in ji shi a hankali, "mai tumatir ne ke yin gyara, ba mai kayan mota ba."

Har liman sai da ya rufe baki da rawani.

Bayan an shafa fatiha, Baffa ya tuɓe babbar riga, ya aro sufana. Ashe tsohon direban babbar mota ne, ni ban sani ba. Ya sa ni na kwanta da kaina, yana nuna mini: a jiƙa roba da ruwan sabulu ta shige, a rataya duka kafin a ɗaure noti. Muka koma gida mota shiru.

Yanzu duk hutu ina wajensa ina koyo, har ma ya ce hannuna ya fara faɗawa. Darasin da na ɗauka? In ka gama gyara ka ga wani abu ya rage, to ba ka gama ba, kuma kada ka ba dattijon da ya yi shiru lacca.