Gyaɗa a Kan Bishiya

"Lafiya lau, Maigida. Ashe kana nan? Na ɗauka ka sake ni ne ba takarda."

Kaka ce ke amsa gaisuwar jikanta, mai zanen littattafan yara. Ya same ta a bayan ɗakinta tana ba shukokinta ruwa a tsofaffin bokitai da wani baho da ya huje. Yana riƙe da littafin da ya yi wata huɗu yana zanawa, kan yadda abinci ke tasowa daga ƙasa har ya iso kwano. Gobe za a kai shi wurin bugawa.

"In na sake ki wa zai kwasa? Ga aikina na kawo ki sa albarka. Goge hannu, kar ki shafa min taɓo."

"Taɓon nan shi ya ciyar da ubanka har ya haifo mai ƙaton kai."

Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta buɗe.

"Wace ce wannan tsohuwar mai haƙori biyu?"

"Ke ce. Ɗayan ma kara na yi miki."

"Allah ya shirye ka. Ina budurwa, in na yi murmushi masu keke faɗuwa suke yi."

"Tsoro ke kayar da su."

Ta juya shafi. Ta kalli hoton, ta kalle shi.

"Maigida, mene ne wannan yake reto a reshe?"

"Gyaɗa mana. Idon ma ya tafi ne?"

"Gyaɗa a kan bishiya kamar mangwaro? Har da yaro a kan tsani yana tsinka?"

"To, a ina take fitowa?"

"A cikin leda, a kanti, inda ka saba ganinta."

Dariyarsa ta ɗauke. "Kaka, da gaske nake. Yara da yawa za su karanta wannan."

"Su je su tsaya ƙarƙashin bishiya baki buɗe suna jira, a ce jikana ne ya koya musu? Ba da ni ba."

Ta ja hannun rigarsa zuwa bahon, ta kama wata shuka da ganyenta ya fara rawaya, ta tumɓuke. Sai ga gyaɗa cunkus a ƙarƙashinta, ƙasa na zuba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Ashe a ɓoye take 'ya'yanta."

"Tana da kunya, ba irinka ba."

"Mutum uku suka duba littafin nan, har da mai digiri biyu."

"Ku taru ku zo in buɗe muku aji. Kowa ya taho da bokitinsa."

"Na sallama, Uwargida. Yau zan sake zanen shafin."

Ta miƙa masa shukar. "Ungo, ka ajiye ta a gabanka ka zana. Amma kar ka taɓa ko ɗaya sai ka gama."

Kafin ta rufe baki ya ɓare ɗaya ya jefa a baki. Kaka ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta sunkuya ta tumɓuke masa ta biyu.

"Wannan ta ci ce. Waccan ta aiki."