Aikin da Na Yi wa Ƙofar Garejin Baba

Ko da na so, ba za ni taɓa mantawa da aikin da na yi wa ƙofar garejin Baba ba, a shekara ta biyu da damina ta ƙi mu a Sabon Birni. Ina aji shida na firamare lokacin. Ni irin yarinyar nan ce da malami zai kira sunanta sau uku kafin a ji "na'am", amma in ka tambaye ni maɓalli nawa suka fita daga rigarsa, za ni faɗa maka (a zuciyata dai, ba da baki ba).

Rumbunanmu biyu duk sun zama wayam. Baba yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar kaya tsakanin garin Isa da kasuwannin tsallaken iyaka. Da ya ga inda shekara ta dosa, sai ya fitar da motar ya bar ta gindin dalbejiya, ya jera buhunan gero a gareji. Abin da za mu ci ke nan har Allah Ya kawo ruwa, kuma irin shuka na ciki. Garejin na da ƙofa biyu, ƙarama ta cikin gida, da babba ta kwano mai kallon lungu. Makullin ƙaramar Inna ta rataya mini a wuya, don ni ke auno geron daka in na taso daga makaranta. Ta ce in ƙwaya ta ɓace, ni za a tambaya.

Wata Litinin da Baba ya yi tafiya, na shiga awo da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa daga lungu. Sai idona ya kai bayan buhunan, inda ban saba leƙawa ba. A gindin babbar ƙofa akwai kafa mai faɗin tafin hannu, inda ƙasa ta zaizaye, kuma a bakinta an jera wasu ƙananan ƙulle-ƙulle na tsumma. Na taɓa ɗaya, gero ne. Ina tsugune ina mamaki sai na ji taku ya tsaya a waje. Inuwa ta yanke hasken da ke shigowa ta ƙasa.

Sai ga hannu.

Dogo ne, busasshe, fata ta manne da ƙashi. A yatsa ɗaya akwai zoben azurfa da aka nannaɗe da baƙin zare don kada ya zame. Ya lalubi ƙasa a hankali, ya kama ƙulli guda, ya ja shi waje. Babu tari, babu sallama. Na kasa ihu, na kasa gudu, kuma na san cewa da hannun ya ƙara miƙewa kaɗan da babban yatsan ƙafata zai cafke.

Ga irin lissafin da ƙwaƙwalwata ta yi. Ɓarawo ba zai iya shiga ɗakin da ke kulle ya ƙulla gero ya jera, sannan ya koma waje yana zara ɗaya bayan ɗaya ba. Ashe ba mutum ba ne. In na gaya wa Inna, ko dai ta ce sakacina ne, ko kuma mai hannun ya ji na ambace shi ya biyo ni har shimfiɗa. Saboda haka na ja bakina na yi shiru, na yanke shawarar in toshe masa hanya ni kaɗai.

Na sha ganin kakata tana shafe bakin rumbu da laka da ƙaiƙayi, don haka ina ganin na san aikin. Matsalar ita ce ruwa. Rijiyoyi sun ja, kowa a gidanmu ɗan kwano ɗaya ake ba shi na wanka. Da nawa na yi kwaɓi, kwana uku a jere (wadda muke benci ɗaya da ita ta fara matsawa gefe tun kwana na biyu, ban kuma ga laifinta ba). Nakan shiga in turo ƙaramar ƙofa, in zauna cikin duhu, in duba duk inda zaren haske ke ratsowa. Inda ban ga haske ba sai in lashi yatsa in bi gefen kwanon, in na ji iskar zafi na hura shi, na san akwai kafa. Gefe da gefe na cusa tsummoki da tsohon tib ɗin taya da na yanka siri-siri. Babbar kafar ta ƙasa kuwa na cika ta da laka, na dasa ƙayar aduwa tana kallon waje. Ƙulle-ƙullen nan duk na kwance na mayar cikin buhu. Ina yi ina karanta Falaƙi da Nasi, in na ruɗe in koma farko.

Ran Talata ina ciki takun ya zo. Na ji ana karce lakar, sai wani ɗan "wash" can ƙasa-ƙasa, sannan takun ya tafi. (Ko kaɗan ban tsaya na tambayi kaina ko aljani na jin zafin ƙaya ba.) Ran Laraba ya zo ya tsaya jim, ya wuce. Ran Alhamis shiru. Na dinga jin kaina kamar wadda ta kori yaƙi daga gari.

Ran Juma'a Baba ya dawo da wasu buhuna, daidai lokacin da ake tasowa daga masallaci. Mutanen unguwa suka tsaya yi masa barka da zuwa. Ya cire kwaɗo ya ja babbar ƙofa, ta ƙi motsi. Masu sauke kaya biyu suka kama masa, ta ƙi. Lakar ta bushe ta zama kamar dutse. Ya sunkuya ya dubi gindin ƙofar, ya ga ƙaya, sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Wa ya yi wanga aiki?" in ji shi.

Ina raɓe a bakin zaure. Ni da ban taɓa buɗe baki gaban manya uku a haɗe ba, ranar nan na fito fili gaban mutum ya fi ashirin na ce ni ce. Ban tsaya nan ba. Na ɗaga murya na ba da labarin hannun da ke sace mana gero, na kwatanta tsawonsa da ramarsa, ban bar zoben azurfa ba, ban bar baƙin zaren ba. Baba na ta yi mini ido, ni kuwa na ɗauka cewa yake in ci gaba.

Na kai aya. Wani na duban tayar mota, wani na gyara hula, wani ya tsura wa dalbejiya ido. Na lura akwai wuri guda da kowa ke gudun kallo, sai ni na kalla. Baba Jibo ne tsaye, maƙwabcinmu, tsohon da ya ba da ragon sunana. Kafin fari garken shanunsa na cika hanya in za shi mashaya, fari ya kashe su har ba saura. Na san hannunsa lokacin da yake da tsoka, tun da shanun suka ƙare kuwa ya daina zama a zaurenmu. Yanzu ga yatsu biyu ɗaure da tsumma, ga zoben.

Daga baya Inna ta gaya mini sauran. Baba ya san tsohon ya gwammace ya mutu da ya roƙa, in an aika masa kuma zai mayar. Sai wata rana ya yi ƙorafi a gabansa cewa ƙofar gareji na da kafa, gero na zubowa lungu da tsakar rana, ya rasa mai tsince shi. Daga nan Baba ya fara ƙulla masa geron mako yana jerawa a bakin kafar. Ba su taɓa yin maganar ba.

Ni dai a lokacin so nake ƙasa ta tsage in shige. Baba Jibo ya ɗaga hannun sama, kowa ya gani, ya dube ni irin kallon wasan kaka da jika da ya saba yi mini.

"Amaryata, ashe haka kike da rowa? Kwana huɗu kin sa mijinki azumin dole, kuma kinka yi mai buɗa-baki da ƙaya."

Aka yi dariya, irin wadda ta fi maganar ƙarfi. Shi ma ya yi, amma leɓɓansa a bushe suke, kuma na tuna akwai matarsa tsohuwa da jikoki biyu a gidan.

Baba bai dake ni ba, da ma ya daka. Fartanya ya miƙo mini ya ce in fasa. Na yi ta sara har la'asar, masu wucewa na yi mini sannu da aiki. Da na kai kan tib da tsummokin gefe sai ya ce in bar su, aiki ne mai kyau, ɓera da iskar zafi sun rasa hanya. Ta ƙasan kawai yake so a buɗe.

An buɗe, amma hannun bai ƙara shigowa ba. Abin da unguwa duka ta sani ya daina zama sutura. Sai Inna ta koma aika ni da kwano a rufe wurin matar Baba Jibo, in ce dusa ce ta kaji (ba su da kaza ko ɗaya). Haka na yi ta kaiwa kullum har ruwan shuka ya sauka, kaina a ƙasa, shi kuma yana daga inuwa yana tambaya ko yau amarya ta huce.

Tun daga nan, in na ga kafa a gidan mutane, ko iska na shiga ko ɓera na fita, ba na kwaɓa laka sai na tambayi mai gidan ko da gangan ya bar ta. Kuma tambayar a kunne nake yi masa, ba ran Juma'a bayan masallaci ba.