Shebur ɗin Begimai Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe, Begimai 'yar Jumabek, mai yi wa masu zamiya kan dusar ƙanƙara jagora a duwatsun Jyrgalan, take sanar da rasuwar shebur ɗinta. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, a bakin aiki, a gangaren arewa, yana da shekara shida.

Marigayin bai taɓa yi mata ƙarya ba tun tana ɗaliba a Bishkek. Kafin kowa ya taka gangare, shi ke haƙa rami, ya kwanta bisa yankan ƙanƙara, ita kuma ta riƙa bugunsa: goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa. Tas, tas, tas. In yankan ya zame, alama ce ƙanƙarar gangaren za ta iya ruftowa ta binne mutane, sai kowa ya koma gida.

Tare suka sha sanyi, tare suka sha gori. Kawu Talant, dattijon jagorori, yakan ce a gaban baƙi, "'Yar boko, yau kuma kabarin wa kike haƙa?" Begimai ba ta taɓa ɗaga kai ba.

Ciwon ajalinsa tsaguwa ce a wuya, wadda Begimai ta ɗaure da waya. Bayan kwana uku ana zubar ƙanƙara da iska, ya shiga rami na ƙarshe, wuyan ya ɓalle. Ta durƙusa ta ƙarasa haƙar da kan shebur ɗin kawai, har ta tarar da ƙanƙarar ƙasa tana marmashewa kamar sukari. A bugu na huɗu yankan ya sulale gaba ɗaya.

Kawu Talant ya leƙo ya ce, "Shekara talatin nake hawa nan, 'yata. Asabar zan hau da baƙina takwas. Ki sayi sabo ki huta."

Marigayin ya bar zarto, da sandar lalube, da na'urar neman wanda ƙanƙara ta binne, wadda Begimai ke roƙon Allah kada a buƙace ta wannan makon.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe shida na safe a kan gadar katako, hanya ɗaya tilo zuwa gangaren arewa, wadda faɗinta bai wuce mutum ɗaya ba. Akwai shayi da soyayyen burodi. Begimai za ta zauna a tsakiyar gadar tana karɓar gaisuwa, kuma ba za ta tashi ba sai rana ta faɗi.